Tura taimako daga masallaci ga waɗanda mahaukaciyar guguwa ta afka wa

Malam Garba, Agege:
Assalamu alaikum. Tun bayan da mahaukaciyar guguwar Melissa ta afka wa Jamaika a ƙarshen watan Oktoban 2025, matasan masallacinmu suka kawo shawarar a riƙa ware wani abu daga tarin ranar Juma'a domin irin wannan iftila'i, har mata sun fara haɗo tufafi da zannuwa. Kan 'yan kwamiti ya rabu, domin wasu na ganin mafi yawan mutanen ƙasar Kiristoci ne, kuma wurin ya yi nisa. Ina neman a haska mana ko ya halatta a taimaka musu da kuɗin masallaci, da kuma hanyar da taimakon zai bi ya isa.

Malam Abdullahi, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Malam Garba. Abu na farko shi ne ku raba asusun zakka da na sadaka. Zakka tana da masu cin ta guda 8 da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma jumhurin malamai sun tafi a kan cewa ba a ba matalaucin da ba Musulmi ba daga cikinta. A mazhabar Malikiyya ana raba ta ne a inda ta wajaba, sai dai idan akwai waɗanda suka fi buƙata a nesa. Sadakar ganin dama kuwa ƙofarta a buɗe take, domin aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ba ta hana kyautata wa wanda bai yaƙe mu saboda addini ba. Sharaɗin da nake jaddadawa shi ne liman ya sanar da jama'a inda kuɗin za su kafin a miƙa kwano, saboda abin da mutum ya bayar domin gyaran rufin masallaci amana ce da ba a karkatar da ita zuwa wani wuri ba da saninsa ba.

Hajiya Rabi, Mile 12:
Allah ya saka da alheri, Malam. Ni a kan tufafin zan yi magana, a matsayina na 'yar kasuwa. Duk wanda ya san yadda kwantena ke kwana a tashar Apapa, da kuɗin dako da na kwastan, ya san cewa abin da za a kashe wajen tura dilar gwanjo zuwa yankin Karebiyan, inda Jamaika take, zai fi darajar kayan, kuma kafin su isa an wuce lokacin buƙatarsu. Lokacin da guguwar Idai ta ragargaza birnin Beira na Mozambik a watan Maris na 2019, abin da ya biyo baya shi ne ɓarkewar kwalara, saboda ruwan sha ya gurɓace. Mutumin da ke cikin wannan hali ruwa mai tsabta yake nema, da magani, da tamfol ko kwanon rufi, kuma waɗannan an fi samun su da sauri idan an saya a kusa. Shawarata ita ce a tura kuɗi ta hannun ƙungiyar da ke da ma'aikata a ƙasar da abin ya shafa, ko ta Musulmi ce irin Islamic Relief, ko Red Cross, a karɓi rasit a karanta wa jama'a. Zannuwan kuwa ba za su rasa masu buƙata a nan Legas ba idan damina ta kankama.

Alhaji Usman, Alaba Rago:
Ban musa halaccin ba, amma ina ganin mun tsallake na kusa. Madatsar ruwan Alau ta fashe a watan Satumban 2024 ta malale Maiduguri, sannan ambaliya ta cinye unguwanni a Mokwa a watan Mayun 2025, kuma har yanzu akwai waɗanda ba su farfaɗo ba. Abin da ya fi dacewa mu koya daga ƙasashen da guguwa ke yawan afka wa shi ne shiri. Lokacin da guguwar Harvey ta nutsar da birnin Houston na Amurka a 2017, masallatai sun buɗe ƙofofinsu sun zama matsuguni ga Musulmi da wanda ba Musulmi ba, kamar yadda majami'u suka ciyar da ɗimbin jama'a bayan guguwar Katrina a 2005. Mu tambayi kanmu ko masallacinmu yana da banɗakin da mata za su iya amfani da shi, ko 'yan agajinmu sun san gidajen tsofaffi da marasa lafiya da ke bakin kwata, ko akwai wanda ke riƙe da lambar wayar LASEMA, hukumar agajin gaggawa ta jihar Legas.

Malam Garba, Agege:
Na gode muku duka. Zan kai wa kwamiti shawarar a buɗe asusun sadaka daban, a raba abin da aka samu tsakanin na gida da na waje, sannan a ajiye tufafin a ɗakin ladan zuwa damina. Alhaji Usman, idan akwai wani daga cikin 'yan agajinku da ya samu horo kan aikin ceto a ruwa, muna so ya zo ya zauna da namu bayan sallar La'asar ranar Lahadi.