Fanka nawa ke kwashe zafin gidan burodi?

Masu gidajen burodi a Aboabo, Kumasi, sun zauna da masu aikin wuta kan zafin da ke hana yaransu sakat. Ga inda maganar ta tsaya.

A yi lissafi kafin a sayi fanka mai zuƙe iska zuwa waje. A tara kilowat na zafin da tanda da injuna ke saki cikin ɗakin, a ninka da 3,000, sannan a raba da digirin da aka yarda ciki ya ɗara waje. Kilowat 10 da tazarar digiri 5 na son iska mita kubik 6,000 a awa; sai a sayi yawan fankar da za ta iya fitar da wannan iskar. Mai son rage tazarar da rabi sai ya ninka iskar. Fanka dai ba ta kai ɗaki ƙasa da zafin waje: in waje 32 ne, ciki zai tsaya 37.

An fi jan magana a kan mashigar iska, kuma a ganina nan aka fi asara. Fanka sama kusa da rufin kwano, mashiga ƙasa a bangon da ke fuskantarta, faɗin mashigar kusan murabba'in mita ɗaya a wannan misalin. In an sa raga saboda ƙuda da ƙurar hunturu, a ƙara faɗin, a riƙa wanke ta.

Tandar itace kuma a ba ta bututun hayaƙinta daban.