Yaya zan shigar da sautin kaset ta kafar optikal?

MaiSoda:
Assalamu alaikum. Ina da kaset-kaset sama da sittin na marigayi mahaifina, yawanci karatu ne da ya ɗauka da kansa da azumi, biyu kuma muryarsa ce yana hira da kakarmu. Dak ɗin, wato na'urar da nake kunna su da ita, jar waya da fara kawai yake fitarwa. Sifikar falona kuwa, doguwar nan ta ƙarƙashin talabijin, ba ta da kafa sai optikal, mai karɓar sauti ta hanyar haske, da HDMI.

Shekara tara ina gyaran rediyo, don haka na ce bari in gwada. Na haɗa jar LED da tiransisto guda, na ba shi sautin dak, na manna bakin wayar optikal a kai. Fitila tana ci, har tana rawa da muryar Baba, amma sifika ko tari ba ta yi ba. Ina na kuskure? So nake in haɗa abin da hannuna.

TsohonInjiniya:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ɗana, haske ka aika, sifikar kuwa lissafi take jira. Kafar nan sunanta TOSLINK, kamfanin Toshiba ya fito da ita a 1983, abin da ke bi ta cikinta kuma tsarin S/PDIF ne na Sony da Philips. Jan hasken da kake gani kamar a tsaye yake, kunnawa da kashewa yake yi sau miliyoyi a daƙiƙa, cikin ƙa'idar da ke ɗauke da sauti da agogo, wato bugun da ke daidaita lokacin bayanan, tare. Naka hasken ƙaruwa da raguwa kawai yake yi, shi ya sa ta yi banza da shi.

Za ka fara da ai-si, wato ƙaramin guntun lantarki, mai mayar da analog (sautin da dak ke fitarwa) zuwa dijital (lissafin da sifikar ke jira). Ni PCM1808 na Texas Instruments nake so, yana da araha, ana ma samun sa a kan ƙaramin bod an riga an haɗa. Yana cin bolt 5 a ɓangaren analog, 3.3 a ɓangaren dijital. Abin da yake fitarwa I2S ne, tsarin da ai-si ke miƙa wa juna sauti da shi, ba S/PDIF ba, don haka sai ka bi shi da wani ai-si, DIT4192, ya shirya bayanan zuwa S/PDIF. Daga nan sai soket ɗin optikal mai aikawa, irin TOTX, mai ƙafa uku: wuta, ƙasa, sigina.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne agogo. Idan 48 kHz kake so, wato a auna sautin sau 48,000 a daƙiƙa, nemi osileta, abin da ke samar da bugun agogon, mai 12.288 MHz, wato 48,000 sau 256. Wannan guda ɗayan zai ciyar da ai-si biyun. Ka ɗaga ƙafafun MD0 da MD1 na PCM1808 zuwa 3.3 ya zama shi ne jagora, ka saukar da ƙafar FMT ƙasa, shi kuma DIT4192 ka saita shi mabiyi, a kan I2S. Wayoyin agogo su zama gajeru, kada su kai tsawon yatsa.

Ɗan Kasuwar Waya:
Oga, akwai ɗan akwati da ake sayarwa mai wannan aikin, ka soka jar waya da fara, ka ba shi bolt 5, shi ke nan. Sai dai ka karanta kwalin da kyau, yawancin na kasuwa daga optikal zuwa analog suke yi, kai kuma kishiyarsa kake nema. Ƙafafun DIT4192 guda 28 ne, sirara ƙwarai, ƙarfen soda na gyaran rediyo zai wahalar da kai.

Maman Hanif:
Yayana, ka haɗa abinka, za ka ƙaru. Na yi irinsa a makaranta, abin da ya ba ni ciwon kai shi ne ƙarfin sautin da ke shiga. PCM1808 ba ya ɗaukar fiye da bolt 3 daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa, da ya wuce haka murya za ta riƙa tsagewa. Sa boliyum mai hawa biyu a gaba ka rage. Kada kuma ka ba shi wuta daga cajar waya mai arha, ƙararta za ta shiga sautin. Ni 7805 na sa, mai daidaita wuta a bolt 5, da kondensa 100 nF dab da ƙafar kowane ai-si.

Amma abin da ya fi damuna kaset ɗin ne. Optikal ba ya ajiye komai, wucewa kawai sauti yake yi, zaren kaset kuma kullum ƙara lalacewa yake, balle a zafinmu. Don Allah ka fara kwashe biyun nan na hira zuwa kwamfuta da manhajar ɗaukar sauti Audacity, kyauta ce, kafin dak ya tauna ɗaya.

MaiSoda:
Na gode ƙwarai, Baba TsohonInjiniya, Allah ya ƙara girma. Maman Hanif, maganarki ta shige ni, jiya da dare na kwashe biyun, na tura wa ƙannena. Bod ɗin PCM1808 ya iso, na sa osileta, mitata ta nuna 48 kHz daidai a ƙafarsa ta agogo, LRCK. Saura DIT4192, na ari siririn ƙarfen soda wurin wani mai gyaran waya a layinmu. Baba, soket ɗin optikal da na ciro daga tsohuwar DVD zai yi, ko sai na sayi sabo?