Saura kwana 12 jarrabawa, karatu ya ƙi zama a kaina

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Ina aji biyu a jami'a, sashen kimiyyar sinadarai. Kwas tara zan rubuta, har da guda ɗaya da na faɗi a aji ɗaya, ga shi saura kwana 12. Sati biyu ke nan ina kwana a aji ina karatu har asuba, Nescafe kofi uku, wani lokaci har da goro. Idan na buɗe littafi sai in ga kamar na gane, da na rufe sai kaina ya zama fayau. Gabana faɗuwa yake yi, hannuna na rawa, abinci ma ba ya shiga. Baba da ƙyar ya haɗa kuɗin rajista, ba zan iya kai masa wani sakamako marar kyau ba.

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikis salam ƙanwata. Faɗuwar gaban da rawar hannun, kofi uku na Nescafe kaɗai ya isa ya kawo su. Sinadarin kafin da ke cikinsa, bayan kamar awa biyar rabinsa yana nan a jikinki, shi ya sa ko kin kwanta barcin ba ya nauyi. Kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da aka karanta, ke kuwa kin hana ta. Ki riƙa samun awa shida zuwa bakwai. Duk wanda ya miƙo miki ƙwaya ya ce tana buɗe kai, ki guje shi. In faɗuwar gaban ba ta daina ba bayan kin bar kofi, ki je asibitin makaranta.

Wani ɗan aji huɗu: Malama, karantawa da maimaitawa ne ke yaudararki, ni ma haka na yi a aji ɗaya. Ki samo tambayoyin shekarun baya wajen 'yan aji uku, ki rufe littafi, ki sa agogo, ki amsa a takarda kamar kina ɗakin jarrabawa. Inda kika kakare, nan za ki koma ki karanta, ba daga shafin farko ba. Sannan ki duba yunit, wato nauyin kowane kwas a lissafin sakamako. A tsarin maki biyar, sakamakon A a kwas mai yunit uku maki 15 ne, a mai yunit ɗaya kuwa 5 kacal. Manyan kwasai da wanda kika faɗi su za su ci safiyarki, ƙananan ki bar musu yamma.

Wata uwa: 'Yata, ki kira mamanki ki faɗa mata yadda kike ji, kada ki riƙe shi ke kaɗai. Ki ci abinci ko kunu ne da ƙosai. Bayan sallar asuba ki karanta "Rabbish rah li sadri" da "Rabbi zidni ilma", duka suna cikin Suratu Ɗaha, sai ki ɗauki littafi. Allah Ya ba ki sa'a.

Mai tambaya: Amin Mama, na gode ƙwarai. Yau a ɗaki zan kwana in sha Allah. Yayana ɗan aji huɗu, tambayoyin shekara nawa ya kamata in nema?

Ɗan aji huɗu: Uku zuwa biyar. Amma ki fara tambaya ko malamin da ya koyar bana shi ne na bara, don in an canza malami, salon tambaya ma yakan canza.