Laftof ɗina ta gem ta mutu ɗif ina cikin wasa, ko fitila bata kawowa, dan Allah a taimaka

ɗan_Hotoro:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masana kwamfuta ku kawo min ɗauki. Jiya da daddare wajen ƙarfe 11 ina cikin buga gem ɗin ƙwallo aka ɗauke wuta, muka tada janareta na mayar da caja naci gaba da wasana, ban fi minti goma ba sai naji wata 'yar ƙara "tas" ƙasa-ƙasa, sikirin ya ɗauke, fanka ta tsaya, fitilar kibod ta mutu, shikenan kamar an yanka ta. Na danna maɓallin kunnawa yafi sau ashirin ko motsi babu, 'yar fitilar caji ta gefe ma bata kawowa.

Core i7 ce mai RTX 3060, RAM 16GB, cajar 230W ce wadda ta zo da ita, ta hannu na saya kusan shekara biyu kenan bata taɓa bani matsala ba sai dai zafi, in ana gem wlh zaka iya soya ƙwai a saman kibod ɗin. Batir dama ya daɗe da yin sanyi baya wuce minti 40. Wani abokina yace girafik ne ya tashi, wato cif ɗin da ke sarrafa hoto, in kai a gasa shi da bulowa mai hura iska mai zafi zata dawo. Ni ba gem ɗin ne ma damuwata ba, furojet ɗina na makaranta gaba ɗaya yana ciki kuma ban ajiye shi a ko'ina ba.

Baban_Ilham:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ƙanina, kar ka fara kaita ko'ina tukuna. Cire caja, cire mawus da filash da duk wani abu da ke jone da ita, sai ka danne maɓallin kunnawa ka riƙe shi minti ɗaya cur kana kallon agogo, ba irin riƙon sakan biyar a ce an gwada ba. A kan bod, wato babban allon cikin kwamfutar, akwai wani ɗan ƙaramin cif da ake ce wa EC, shi ke sauraren maɓallin nan, shi ke kula da caji da fanka da kibod, wani lokacin yakan rikice ya ƙame sai an zuƙe ragowar wutar da ke jikin bod ɗin kafin ya dawo hayyacinsa. Ka juya ƙasanta kuma ka duba, da yawa daga cikin Acer da MSI suna da wani ɗan rami kamar na allura da hoton batir a gefensa, in taka tana da shi ka sa tsinken cire sim ka danna na 'yan sakanni. Bayan nan ka jona caja ka barta ta ɗan jima kafin ka kunna.

Sannan ka canza soket, ka canza igiyar da ke tashi daga bango zuwa tubalin cajar, ita wannan igiyar tana yawan ƙonewa ta ciki mutum bai sani ba. Tambaya ɗaya, cajar taka tana da fitila a jikinta? In tana da ita ka lura da abinda take yi kafin ka jona da bayan ka jona, ka dawo ka faɗa mana.

sarkin_fenariti:
Hhhh Allah ya jiƙan rai, ƙila cin da ake maka ne ta kasa jurewa 😂 amma da gaske ka cire RAM ka goge bakinsa da kilina ta fensir ka mayar, tawa haka tayi min bara kuma ta tashi. Janareta kuma shine ya kashe maka ita, ka nemi sitabilaiza.

ɗan_Hotoro:
Baban Ilham nagode sosai, nayi duk abinda kace har sau uku, tawa bata da ramin allurar. Amma ga abinda na lura da shi, cajar tana da fitila, in na sa ta a bango ita kaɗai fitilar na kamawa lafiya lau, da zarar na soka bakinta a laftof sai fitilar ta mutu nan take, kuma bata dawowa sai na zare daga bango na jira kaɗan na mayar. Wannan na nufin cajar ce ta lalace?

mai_kwalba_da_dalma:
Yawwa, wannan bayanin na ƙarshe shine maganar, da shi ya kamata ka fara. Sana'ata ce gyaran bod, kuma abinda ka kwatanta alamar shot ce, wato wuta ta haɗe a inda bai kamata ba. Cajar taka mai yiwuwa lafiyarta ƙalau, kare kanta take yi, da taji wuta na zurarewa kai tsaye zuwa ƙasa sai ta kashe kanta dan kar ta ƙone, shi yasa sai ka zare ta daga bango take farfaɗowa. In kana son tabbatarwa ka samu mai mita ya auna bakinta ba tare da an jona ba, ya kamata yaga abinda aka rubuta a jikinta, yawancin na gem 19.5V ne ko 20V. Kar ka gwada da ƙaramar caja ta 65W ka yanke hukunci da ita, kuma ka daina jonawa kana cirewa haka nan, 230W a kan 19.5V kusan amfiya 12 kenan, duk jonawar da kayi kana ƙara dafa wajen da ya lalace ne.

Maganar goge RAM ba nan take ba, da RAM ne da fanka zata juya fitila ta kama sikirin ne kawai zai ƙi kawowa. Taka ko wutar farko bata samu.

Abu ɗaya zaka iya yi a gida in hannunka baya rawa, ka kwance murfin ƙasa ka zare filogin batir daga bod kafin ka taɓa komai, sai ka jona caja ita kaɗai ka gani. Nakan ci karo da batirin da ya kumbura ko ya lalace yana jawo irin haka, in fitilar cajar ta tsaya bata mutu ba to ka huta, batir zaka saya. In ta sake mutuwa to shot ɗin yana kan babban layin 19V ne, daga nan aikin mita ne.

Yadda wutar ke tafiya, daga bakin caja tana bi ta mosfet guda biyu, wasu ƙananan makunnai masu buɗe hanyar wuta da rufe ta, sannan ta fito babban layi, daga nan ake raba ta, wani ɓangare ya sauke ta zuwa 3.3V da 5V, wani ya kaita wajen furosesa, wani wajen girafik. A kan layin nan akwai ƙananan kafasita masu ɗan riƙe wuta birjik, irin masu ruwan ƙasa ɗin nan da basu kai ƙwayar shinkafa ba, guda ɗaya tak in ta fashe ta ciki ta isa ta kwantar da kwamfutar gaba ɗaya, kuma ƙarar "tas" da kaji tafi kama da wannan. Idan ita ce ko mosfet ɗin bakin shiga, gyara ne mai sauƙi. Inda abin ke muni shine in mosfet ɗin da ke ciyar da furosesa ko girafik ne ya haɗe, saboda su waɗannan wajen 1V suke aiki da shi, in 19V ta faɗa musu kai tsaye sai dai haƙuri, kuma a liƙe suke da bod ba cirewa ake a sa wani kamar na tebur ba.

Dan haka in ka je wajen mai gyara ka tsaya ka kalli abinda zai fara ɗauka. In mita ya ɗauka ya auna layin, sannan ya tura 'yar wuta kaɗan kamar 1V da injin wutarsa yana neman inda ke ɗaukar zafi, da yatsa ko ya zuba sifirit yaga inda ya fara bushewa, to ka zauna. In kuwa bulowa ya jawo yace bari a gasa girafik, ɗauki kayanka kayi gaba, gasawa bata cire shot, sai dai ta lanƙwasa maka bod ta zubar da ƙananan kayan gefe. Ka gaida min abokin naka.

Furojet ɗinka kuma yana kan SSD ne, wani ɗan siririn kati da sukuru ɗaya ya riƙe, shot irin wannan ba kasafai yake taɓa shi ba. Ka cire shi ka sa a aljihu kafin ka bar kwamfutar a shago, ka ɗauki hoton RAM ɗinka ma. In ka jona shi a wata kwamfutar ya nemi mabuɗin BitLocker, wato makullin da Windows ke sa wa fayiloli, kar ka yarda a yi maka fomat, lambobi 48 ne, galibi suna cikin akawun ɗinka na Microsoft.

Batun janareta ban ce bashi da hannu ba amma ban cika ɗora masa ba, karanta jikin cajar zaka ga 100-240V, ita da kanta take daidaita wuta, sitabilaiza ba wani abu zai ƙara mata ba, kuma in wuta tayi tsalle yawanci cajar ce ke fara tafiya. Ni nafi zargin zafin nan da kace, yaushe rabon da a buɗe ta a share ƙura?

ɗan_Hotoro:
Oga tunda na saya ba'a taɓa buɗe ta ba 🙈 Na dawo da labari, na zare batir fitilar ta sake mutuwa, sai na cire SSD na kaita wajen wani dattijo mai gyara, mita ya fara ɗauka kamar yadda kace. Bai fi minti ashirin ba ya nuna min wata 'yar kafasita kusa da girafik ta tsage gefenta yayi baƙi, ya cire ya sa wata daga tsohon bod ta kawo wuta nan take, wlh saura kaɗan in rungume shi. Ƙurar da ya zaro tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya kamar guntun bargo, ya canza man furosesa da na girafik ma yace ya bushe kamar alli. Furojet yana nan, na tura shi imel ɗina tun a shagon. Sai dai da na zo gida na tarar da sukuru biyu a aljihuna, dogo ɗaya gajere ɗaya, cikin waɗanda na kwance da farko ne kuma na rasa ramin da suka fito.