Neman kalma: me za mu kira “oversight” na majalisa a kan hukumomin leƙen asiri?

Tafintar Rediyo: Salamu alaikum 'yan uwa. Gobe da ƙarfe tara na safe za a naɗi wani shiri na minti goma sha biyar, kan yadda majalisar dokokin Amurka ta binciki hukumomin leƙen asirinta bayan an nemi makaman ƙare dangi a Iraƙi an rasa. Kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya. Ta farko “oversight”, wato aikin da kwamitocin majalisa ke yi a kan CIA da 'yan uwanta. Ta biyu “estimate”, sunan takardar nan ta Oktoban 2002 da aka kafa hujjar yaƙi da ita. Na sa “sa ido” da “rahoto” kafin a samu na gaske. A taimaka kafin dare ya yi nisa.

Tsohon Edita: Wa alaikumus salam. Bar “sa ido” a inda yake, kunnen mai sauraro ya saba da shi. “Rahoto” kuwa ki goge shi yanzu. Rahoto labarin abin da aka gani ne. Waccan takarda haɗa guntayen bayanai aka yi, aka ce ga abin da ya fi rinjaye a zatonmu. Sunanta ƙiyasi.

Lauya: Ranka ya daɗe, ƙiyasi na yarda. “Sa ido” ne bai cika mudu ba. A duba abin da doka ta ba kwamitocin nan. Bayan binciken da Sanata Frank Church ya jagoranta a 1975, majalisar dattawa ta kafa kwamitinta na dindindin a 1976, ta wakilai ta kafa nata a 1977. Iko uku ne a hannunsu. Dole a riƙa sanar da su abin da hukumomin ke yi, a cike kuma a kan kari, dokar 1980 ce ta ɗora wannan. Suna iya kiran shugaban hukuma su titsiye shi a zaman sirri, su nemi takardu. Sannan ta hannunsu dokar amincewa da kasafin hukumomin ke bi, kwamitin dattawa kuma shi ke tantance wanda aka zaɓa ya shugabanci CIA. Idan aikin ɓoye ne a wata ƙasa, sai shugaban ƙasa ya sa hannu a rubuce cewa ya amince, a kai wa kwamitocin. In abin ya yi tsanani ana iya taƙaita sanarwar ga mutum 8 kacal: shugabannin jam'iyyun biyu a kowane zaure, da shugaban kowane kwamiti da babban ɗan adawar cikinsa. Mai sa ido kallo yake yi. Wanda zai iya riƙe maka kuɗi ya wuce ɗan kallo.

Bakatsiniya: Kuma kar a manta, a bakin mutane “ɗan sa ido” ba yabo ba ne. Wanda ke zaune a bakin layi yana ƙirga masu shiga gidan maƙwabci ke nan. Ni “bin diddigi” zan sa.

Tsohon Edita: Bin diddigi sai abu ya wuce, Hajiya. Sawu ake bi. Ya dace da rahoton da kwamitin dattawa ya fitar a Yulin 2004, ƙarƙashin Sanata Pat Roberts da Sanata Jay Rockefeller, mai shafi fiye da 500. Bai dace da zaman da ake yi kafin a yi aikin ba.

Malam Mai Nahawu: Duk kuna ta kewaya gari alhali ƙofa a buɗe take. Bahaushe mahayin doki ne. Ingarma komai ƙarfinsa da me ake riƙe shi? Linzami. Hukumar leƙen asiri ingarma ce, majalisa ce mai riƙe da linzami. Saboda haka: linzamta, linzamtawa, linzamci. “Linzamcin majalisa a kan hukumomin sirri.” Ginin kalmar bai saɓa ƙa'ida ba, kamar yadda muka sami hukunta daga hukunci, da tsorata daga tsoro. Kalma ɗaya, ba dogon bayani. Kuma don Allah a daina ce mana “kwamiti” da “sanata”, muna da “'yan shawara” da “dattijo”.

Bakatsiniya: Allah gafarta malam, shirin fa a kan makamai ne. Da zarar ta ce “linzami” a jimla ɗaya da Iraƙi, mai sauraro makami mai linzami zai ji. An riga an ba da auren kalmar.

Malam Mai Nahawu: To laifin wa? Waɗanda suka ɗauki kalmar doki suka liƙa wa roka ba su nemi izinin kowa ba. Haka suka yi wa takunkumi, yau in ka faɗe shi yaro Majalisar Ɗinkin Duniya yake tunawa, ba bakin kura ba. In su an bar su, me ya sa ni za a hana ni?

Lauya: Ko babu maganar roka, malam, ma'anar ta karkace. Mai riƙe da linzami shi ke cewa a yi dama ko a yi hagu. A tsarin Amurka wannan na shugaban ƙasa ne. Kwamiti ba ya ba CIA umarnin aiki, ba ya kuma da ikon hana aikin ɓoye da baki kawai. Abin da yake iya yi shi ne ya nuna ƙin yarda, ya toshe kuɗi, ko a yi doka. Mutum 8 ɗin nan ma sau da yawa ana yi musu bayani ne ba tare da ma'aikatansu ba, kuma ba su da damar fitowa su faɗa. In muka ce linzamci mun ba majalisa ikon da ba ta da shi. “Jan akala” ma wannan ce matsalarsa. A Birtaniya abin ya fi haka sauƙi: kwamitinsu da dokar 1994 ta kafa mutum 9 ne, rahotonsa sai ya bi ta ofishin firaminista, a fito da shi da taurari uku a duk inda aka cire magana. Wannan wane irin linzami ne?

Ɗan Damagaram: Ku 'yan Najeriya kullum daga Ingilishi kuke tasowa kamar shi kaɗai ne baƙon harshe. Mu nan daga Faransanci abin ke zuwa, kuma a rediyo “bin diddigin ayyukan gwamnati” ko “binciken majalisa” ake cewa, kowa na ganewa. Sannan Malama, in za ki taɓo maganar Nijar a shirin, a faɗe ta daidai. An ce Iraƙi ta nemi tan 500 na uraniyom daga nan. Joseph Wilson, tsohon jakadan Amurka da CIA ta aiko ya bincika, ya zo Yamai a Fabrairun 2002 ya koma ya ce da wuya. Duk da haka Bush, shugaban Amurka a lokacin, ya sako maganar uraniyom ɗin Afirka a jawabinsa na 28 ga Janairun 2003, ya jingina ta ga Birtaniya. Ran 7 ga Maris ElBaradei, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya a lokacin, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun cinikin uraniyom ɗin na jabu ne. Ɗaya daga cikin wasiƙun tana ɗauke da kwanan watan Oktoban 2000 da sa hannun ministan harkokin wajen da ya bar kujerar tun 1989. Duk wanda ya san Yamai da kallo ɗaya zai gane.

Malam Mai Nahawu: Hausar Damagaram da rabinta Faransanci ne za ta koya mana tsarki? Ku da kuke kiran makaranta lakwal?

Ɗan Damagaram: Ku kuma da “sakandare” da “furamare” fa? Ko a Daura aka haife su? Makaranta ma ai muna da ita, malam, tun kafin Bature ya zo.

Bakatsiniya: Kai jama'a. Baiwar Allah tana da naɗi ƙarfe tara.

Tsohon Edita: A koma kan ƙiyasi, don a nan haɗarin yake. Takardar Oktoban 2002 'yan kwamitin dattawa ne suka nema, aka haɗa ta cikin kamar mako uku, shafi casa'in da wani abu. A ciki akwai waɗanda suka ƙi yarda. Ma'aikatar makamashi ta ce bututun alminiyon da Iraƙi ta yi oda sun fi kama da na rokoki masu faɗin milimita 81, ba na injin tace uraniyom ba. Sashen bincike na ma'aikatar harkokin waje ya ce bai ga hujjar cewa an farfaɗo da shirin nukiliya ba. Sojan sama suka ce jiragen nan marasa matuƙi sun fi kama da na leƙe. Maganar motocin haɗa makaman ƙwayoyin cuta kuwa kusan duk a kan bakin mutum ɗaya ta tsaya, wanda ake wa laƙabi da Curveball, yana hannun Jamusawa, daga baya ya amsa cewa ƙarya ya yi. Da aka zo fitar da gajeren kwafi ga jama'a, sai aka cire kalmomin “muna ganin” da “a ƙiyasinmu” daga gaban jimloli. “Muna ganin Iraƙi na da kaza” ya koma “Iraƙi na da kaza”. Rahoton 2004 ya kama wannan da sunansa. Mai fassarar da ya ce “hukumomi sun tabbatar” a inda takarda ta ce sun ƙiyasta, aikin da aka yi a wancan kwafin ya maimaita.

Tafintar Rediyo: Wannan ya shiga. To “hasashe” fa? Ya fi daɗin faɗa.

Tsohon Edita: Hasashe na abin da bai zo ba ne, kamar na damina. Nan ana maganar abin da ake zaton yana ajiye a rumbu a lokacin. “Kintace” da “kirdado” kuma sun yi sako-sako, kamar an rufe ido an jefa. Ƙiyasi yana da ƙamshin lissafi da hujja, malaman fiƙihu ma sun san shi.

Lauya: Akwai tarko na biyu a nan. Bayan abin Iraƙi aka ƙirƙiro ofishin babban daraktan leƙen asiri na ƙasa da dokar 2004, ofishin ya fitar da ma'auni. Abu biyu ne daban. Na ɗaya yiwuwar abin: “likely” kashi 55 zuwa 80 ne, “very likely” 80 zuwa 95, “almost certain” 95 zuwa 99. Na biyu ƙarfin madogara, mai hawa uku, sama da tsakiya da ƙasa, gwargwadon ingancin majiyoyi da yawansu. Ana iya cewa abu ya fi yiwuwa amma madogarar mai rauni ce. Ƙiyasin 2007 kan Iran ya yi amfani da hawan sama inda ya ce an dakatar da aikin ƙera makamin nukiliya a ƙarshen 2003. Mu kuwa “mai yiwuwa”, “wataƙila”, “da alama”, duk a tukunya ɗaya muke zuba su. Shawarata: 55 zuwa 80 “ya fi yiwuwa”, 80 zuwa 95 “akwai yiwuwa mai ƙarfi”, na sama “kusan tabbas”. Hawan madogara ne ban samu ba.

Bakatsiniya: “Da ƙarfin gwiwa”?

Tsohon Edita: Wannan na mai shiga fili ne. “Da yaƙini” kuma ya kai maƙura, ba shi da tsakiya balle ƙasa. Ba a cewa ƙaramin yaƙini.

Malam Mai Nahawu: “Natsuwa.” Cikakkiyar natsuwa, matsakaiciya, 'yar kaɗan. Amma tunda kun yi wa linzamci taron dangi, wannan ma ku yar.

Lauya: A'a malam, wannan ta fi linzamci nesa ba kusa ba. Sai dai a rediyo “da matsakaiciyar natsuwa” zai sa a zaci jami'in ne hankalinsa bai kwanta ba, alhali majiyarsa ce ba ta cika ba.

Tafintar Rediyo: Dare ya yi, ga abin da zan shiga da shi. A buɗe shiri: “ikon majalisa na sa ido da tuhumar hukumomin leƙen asiri”, sau ɗaya, tare da jimlar da ke bayyana sanarwa da titsiye da kasafi. Daga nan “sa idon majalisa” kawai. Binciken 2004 da na 2005 na hukumar Robb da Silberman, wadda Bush ya kafa kan wannan batu, zan kira su bin diddigi. Takardar 2002 “ƙiyasin hukumomin leƙen asiri”. Hawan madogara zan kewaye shi: “sun ce hujjarsu a kan wannan mai ƙarfi ce.” Na gode ƙwarai, Allah ya saka.

Lauya: “Tuhuma” tana jan hankali zuwa kotu, da “bin bahasi” kika sa. Amma ba zan hana ki barci a kan wannan ba.

Malam Mai Nahawu: Kalma goma a inda ɗaya ta isa. Shi ke nan, ku je da sa idonku. Ni dai a ajina linzamci zan koyar, mu ga wadda za ta daɗe.

Ɗan Damagaram: Malama, in kin zo kan garin ma'adinan, Arlit ne, a furta “t” ɗin. Kuma uraniyom, ba “yuraniyom” ba.

Tsohon Edita: Yuraniyom za ta ce, masu sauraronta a Kano suke.