Shin taurarin Morningstar sun isa a dogara da su wajen zaɓen asusun zuba jari?

Baƙon Ohio:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da na kama aiki a Amurka, kuma a makon jiya aka ba ni takarda mai ɗauke da jerin asusun zuba jari domin in zaɓi inda za a riƙa zuba kuɗin fanshona. A gefen kowane suna akwai taurarin kamfanin Morningstar, daga ɗaya zuwa biyar. Raina ya kwanta da wani mai taurari biyar, sai dai kuɗin hidimarsa kashi 1 cikin 100 ne a shekara, alhali wani mai taurari uku yana karɓar kashi 0.1 kacal. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su haska mini hanya, domin wannan kuɗi shi ne guzurin tsufana.

Tsohon Akanta:
Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu na farko shi ne ka san yadda ake raba taurarin nan. Kamfanin, wanda ke birnin Chicago, ya fara bayar da su a 1985, kuma lissafi ne kawai na ribar da asusu ya samu a shekaru 3, 5 da 10 da suka wuce, bayan an yi la'akari da kasadar da ya ɗauka. Ana gwada kowane asusu da takwarorinsa, sai kashi 10 cikin 100 na sama su sami taurari biyar, kashi 10 na ƙasa su sami ɗaya, kashi 35 na tsakiya kuma su sami uku. Ke nan labarin jiya suke ba ka, kai kuwa gobe kake saye.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, a 2010 wani mai bincike na kamfanin da kansa, Russel Kinnel, ya nuna cewa ƙarancin kuɗin hidima ya fi taurari nuna asusun da zai yi abin kirki nan gaba. Ka ɗauki alƙalami: a kan dala 10,000, mai taurari biyar ɗin zai cire maka dala 100 duk shekara, mai taurari ukun dala 10, ko an ci riba ko an faɗi, kuma haka za a yi ta cirewa har ka yi ritaya.

Hajiya Mai Lissafi:
Malam Akanta ya yi gaskiya, kuma zan ƙara da misalin da ban taɓa mantawa ba. Asusun Legg Mason Value Trust, a hannun manajansa Bill Miller, ya zarce ma'aunin S&P 500, mai bin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, shekara 15 a jere, daga 1991 zuwa 2005. Jama'a suka yi ta tururuwa da kuɗinsu, sai ga shi a 2008 ya rasa fiye da rabin darajarsa, kuma waɗanda suka shigo a makare su suka fi jin jiki.

Duk da haka ban yarda a yi watsi da taurarin baki ɗaya ba. Ni ina amfani da su ne kamar rariya: asusun da ya daɗe yana kan tauraro ɗaya, sau da yawa tsadarsa ce ta kai shi can, don haka nakan tsallake shi. Sannan, ƙanena, akwai abin da taurari ba za su taɓa gaya maka ba, wato ko asusun yana riƙe da hannun jarin bankunan kuɗin ruwa ko kamfanonin giya. Wannan sai ka buɗe takardar bayanin asusun ka duba da idonka.

Baƙon Ohio:
Allah Ya saka muku da alheri. Na duba takardar mai taurari ukun, na tarar bankuna suna cikin manyan kamfanonin da yake riƙe da su. Ranar Litinin zan tambayi ofishin ma'aikata ko tsarinmu ya ba da damar zaɓen asusun da ke bin ƙa'idar Musulunci, irin wanda ake kira Amana, in kuma ji nawa ne kuɗin hidimarsa.