Neman shawara: matakalar gidan hayarmu ta yi baƙi, wa zai biya fenti?

Wata ƴar haya: Assalamu alaikum ƴan uwa. Muna haya a wani gidan bene nan Damagaram, iyali shida, uku ƙasa uku sama. Matakala da zaure sun yi baƙi ƙirin, bango ya kumbura yana zubar da ɓawo, ga shatin hannun yara iya inda tsawonsu ya kai. Mai gida ya ce shi haya yake karɓa, ba kwalliya ba. Na ƙasa kuma sun ce ai ba sa hawa sama. Yaya za mu yi?

Mai fenti daga Zango: Hajiya, kafin maganar kuɗi ku duba abin da ya kumbura bangon. In yoyo ne daga rufi ko bututun bayi, ko wane fenti kuka shafa damina ɗaya za ta tuɓe shi. A toshe yoyon, a kankare tsohon fenti har a ga siminti, a cike ramuka, a bari ya bushe sosai. Daga ƙasa zuwa kafaɗar mutum a sa fentin mai, kala mai duhu, shi ne ake gogewa da tsumma da sabulu. Daga nan zuwa sama fentin ruwa ko farar ƙasa ta isa, kuma wurin zai yi haske. Kada ku yi cikin hunturu, ƙura tana manne wa fentin mai tun bai sha iska ba. Ku jira ta lafa, a gama kafin ruwan farko. Ranar aiki a riƙa yin gefe ɗaya a bar ɗaya, tunda mutane ba za su kwana a ƙasa ba.

Wani dattijo mai gidajen haya: Ɗiyata, yoyo da tsagewar bango na mai gida ne, babu gardama. Dattin hannu kuwa naku ne. Ku je masa ku uku, a tsanake, ku ce za ku yi aikin a cire kuɗin siminti da magini daga haya. Amma a rubuta, kowa ya sa hannu.

Wata uwargida daga Birni: Na ƙasa ba ta zauren suke shiga ba? Mu raba shi muka yi: zaure na kowa, matakala ta na sama. Mace ɗaya ta riƙe kuɗin kamar adashi, jika 2 duk wata har ya taru.

Wani matashi: Ku shiga kasuwar Dole da kanku ku sayi fentin, mai aiki a biya shi ladan hannu kawai. Ku girgiza gwangwanin, ku duba murfin ba a taɓa ɓalle shi ba.

Mai fenti daga Zango: Haba samari, ai ba dukanmu ne masu tsarma fenti da ruwa ba! Amma Hajiya ki saya ɗin, ni ma ya fi mini sauƙi.

Wata ƴar haya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Lalle akwai bututu a bayan bangon. Baba, in ya ƙi sa hannu fa?